Amsa ga 'yar uwa mai tambaya kan lambar CAG

'Yar uwa wallahi da na ga tambayarki jikina ya yi sanyi. Kin ce gwaji ya nuna SCA3, ciwon gadon nan na ƙwaƙwalwa da jijiya mai hana daidaita tafiya da magana, maimaicin CAG ɗinki 72 (wato yawan yadda wani ɗan guntu ke maimaita kansa a ƙwayar halittar da ke jawo ciwon), kina so ki san ko lambar ce ke faɗin yaushe ciwon zai fara da yadda zai tsananta. Mu ma shi ne a gidanmu, gadon baba.

A SCA3 mai lafiya lambarsa ba ta wuce 44, masu ciwon yawanci daga 60 zuwa sama. Kuma eh, in lambar ta yi yawa ciwon ya fi saurin bayyana, amma dan Allah kar ki ɗauke ta kalanda. Ni da yayana lambarmu ɗaya, shi ya fara layi yana ɗan talatin da wani abu, ni sai da na haura arba'in. Kar ma ki gwada taki da ta masu wani nau'in, SCA6 da lamba ashirin da 'yan kai take kama mutum kuma sai an manyanta, SCA7 ita har ido take taɓawa. Lambar kan ƙaru daga iyaye zuwa 'ya'ya musamman ta wajen uba, shi ya sa ɗa kan fara tun bai kai shekarun da ubansa ya fara ba.

Ni bakin mutane ya fi ciwon cina. Ranar nan a Kasuwar Barci ƙafa ta harɗe na zube kan tiren mai tumatir, ina son ba da haƙuri harshe ya sarƙe, wani ya ce ji matar aure da shan kodin da tsakar rana, aka yi ta dariya, ba wanda ya ɗaga ni sai wata tsohuwa. Na koma gida uwar miji ta ce ai sammu ne, ta hana ni asibiti, aka yi ta min hayaƙi har kuɗin adashena ya ƙare, yanzu kuma ita ce mai cewa na ɓoye musu ciwon gado aka aure ni. Allah ya isa dai.

Maganin warkewa babu tukuna, amma ki riƙe fisiyo, wato motsa jiki na asibiti, tun ƙafa na ɗaukarki, ki sa a kafa miki ƙarfen riƙewa a banɗaki, silifas ɗin nan mai santsi ki yar. In ruwa ya fara shaƙe ki ki gaya wa likitan jijiya da wuri. Yara kuma kowanne rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba, ni ban gwada nawa ba, in sun girma su zaɓa da kansu.