Idan na kai ƙarar shugabana kan muzgunawa, doka za ta hana a kore ni?

Tambaya: Ina aiki a wani kamfani a Amurka. Shugabana kullum sai ya tozarta ni a gaban abokan aiki, har barci ya fara gagarata. Na ji ana maganar sababbin dokoki kan kwanciyar hankalin ma'aikata. Idan na kai ƙorafi aka sallame ni fa?

Amsa: Yawancin abin da ka ji ƙuduri ne tukuna, bai zama doka ba. Dokar tarayya ta 1964 ta haramta tsangwama ne idan dalilinta launin fata ne, ko addini, jinsi ko asalin ƙasa. Wasu dokoki suka ƙara shekaru da naƙasa. Shugaban da ke wulaƙanta kowa da kowa kuwa, galibi yakan sha. Wannan giɓin ne ƙudurin dokar hana cin zali a wurin aiki da wani malamin shari'a, Farfesa David Yamada, ya tsara yake son cikewa. Tun 2003 aka fara gabatar da shi a Kalifoniya, ya zaga majalisun jihohi da dama, masu kamfanoni suna cewa zai cika kotuna da ƙararraki. Puerto Rico, wani tsibiri da ke ƙarƙashin Amurka, ita ce ta yi tata dokar a 2020.

Kafin nan, yadda ka kai ƙorafin shi ke kare ka ko ya bar ka a fili. Mai ƙarar ramuwar gayya, wato an kore shi ko an hukunta shi saboda ya kai ƙorafi, sai ya nuna abu uku: ya yi ƙorafin da doka ta san da shi, an cutar da shi a aiki, kuma ƙorafin ne sanadi. Tun a na farkon ana iya faɗuwa. "Oga yana takura mini" kawai ba ya wadatarwa. Rubuta shi da kwanan wata, da kalaman da aka faɗa, da waɗanda suka ji. In akwai wariya a ciki, ambace ta ƙarara. Ajiye kwafi a wajenka, amma kada ka kwashi takardun sirrin kamfani, don shi kansa dalilin kora ne.

In akwai abokin aikin da ake yi wa irin haka, ku kai tare. Dokar ƙwadago ta 1935 tana kare yawancin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu idan suka haɗa kai kan yanayin aiki, ko da babu ƙungiya.

Kula da wa'adin shigar da ƙara: kwana 180 a EEOC, hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki, 300 a jihohi da yawa, 30 kacal a OSHA, hukumar lafiya da tsaron wurin aiki, idan an hukunta ka ne saboda ƙorafi kan hakan. Kada ka ajiye aiki cikin fushi kafin ka ga lauya.