Me ya hana Amurka taƙaita mallakar bindiga?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake ta harbe yara a makarantun Amurka amma dokar bindiga ta gagara. Tushen abin kundin tsarin mulki ne: gyara na biyu, na 1791, ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a 2008.

Sai Majalisar Dattawa, inda ake buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin irin wannan doka ta wuce. Bayan kisan da aka yi a makarantar firamare ta Sandy Hook a 2012, ƙudirin binciken masu sayen bindiga ya samu 54 kacal, abin takaici. Mutane kan ɗora wa ƙungiyar NRA, mai kare 'yancin mallakar bindiga, laifin duka, alhali miliyoyin masu zaɓe ne bayanta.

Dokoki sun bambanta jiha-jiha. In kana can da biza, nemi lauya kafin ka taɓa bindiga.