Amsa ga ƙanina na Jos kan kuɗin asibiti a Amurka

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka samu admishon za ka taho da madam da yarinya, kuma wai an ce maka tunda ɗalibi ne kai ba albashi gwamnati za ta ɗauke maka kuɗin asibiti. Don Allah cire wannan daga lissafinka tun kana Jos.

Abin da suke nufi Medicaid ne, wato shirin gwamnati na biyan kuɗin asibiti, tun 1965 ake yinsa, tarayya da jihohi ke haɗa kuɗin, kuma eh na masu ƙaramin ƙarfi ne. Amma fa rashin kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum, sai sun duba irin takardar zamanka tukuna, kai kuma da bizar ɗalibi ta F-1 ba ka ciki, ko mai green card (takardar zaman dindindin) ma a yawancin jihohi sai ya shekara 5 kafin a saurare shi, balle kai da ka nuna wa ofishin jakadanci a Abuja takardar banki cewa za ka iya riƙe kanka.

Inda akwai ɗan sauƙi shi ne yara da masu ciki, wasu jihohin suna ɗaukarsu in suna zaune bisa ƙa'ida, wasu kuma a'a, shi ya sa nake so ka gaya min jihar da makarantar take. Jiha ita ce komai a nan wallahi. Texas da Florida ko ɗan ƙasa magidanci mai ƙaramin albashi yana shan wuya kafin ya samu.

In abin gaggawa ne ba za su kore ka ba, doka ta hana tun 1986, ba kamar gida da ake cewa a ajiye kuɗi kafin a taɓa mutum ba, amma bayan ka warke bil zai biyo ka har ƙofa kuma yana iya fin kuɗin makarantar zango guda.

Yawancin jami'o'i dole suke sa ɗalibi ya sayi inshora, suna haɗa ta cikin kuɗin makaranta. Ta madam da yarinya daban ce, kuma nan ne mutanenmu ke ƙwauro su ce Allah zai kiyaye, Allah na kiyayewa amma ka biya ta. Ka tura wa ofishin ɗaliban waje imel yau su ba ka farashin mutum uku a rubuce.

Kafin ku taso kowa ya ga likitan haƙori da na ido a can Jos don inshorar ɗalibai ba ta cika ɗaukarsu ba, kuma kar a manta katin rigakafin yarinya, makaranta za ta nema. A gaida su Mama.