Wane Memori Zan Sa Wa Kyamara Kafin Tafiya, Kuma Ina Zan Juye Hotunan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Mabera, nan Sakkwato. An ba ni aikin biki a Tawa ta Jamhuriyar Nijar, za mu yi kusan mako guda, kuma ba ni da tabbacin wuta ko intanet a can. Kyamarata mai megafiksil 24 ce, ina ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, da ɗan bidiyo. Hankalina a tashe yake, domin a bikin baya hotunan walima sun ƙi buɗewa, sunayensu na nan amma babu komai a ciki, har yau kunyar dangin amarya nake ji. Yanzu wani ya kawo mini memori mai 512GB da araha, wani mai gyaran waya kuma ya ce zai iya ƙara wa tsohon nawa girma a kwamfuta. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya. Alamar da ka faɗa, sunan hoto yana nan amma cikinsa fanko, ita ce ta memorin jabu, kuma duka biyun da aka kawo maka hanyar sake faɗawa cikin wannan matsalar ce.

A cikin kowane memori akwai ma'ajiyar kanta, sai wani ɗan ƙaramin sashe mai shaida wa kyamara girman ma'ajiyar. Masu jabu ba su taɓa ma'ajiyar. Suna samun mai 8GB ko 16GB, su sauya abin da sashen nan yake faɗa, sai ya riƙa cewa 512GB ne. Kyamara ta yarda, kwamfuta ta yarda, waya ma haka, domin babu wadda take aunawa, abin da aka gaya musu suke nunawa. Shi ya sa nake jin haushi in mai sayarwa ya ce "sa a wayarka ka gani." A ga me? Jarka mai lita huɗu ce aka rubuta wa lita ashirin a jiki, kuma rubutun ake nuna maka. Muguntar abin ita ce katin yana aiki lafiya lau a farko. Sai ka wuce ainihin girmansa, daga nan sababbin hotuna ko dai su hau kan tsofaffi su shafe su, ko su tafi inda babu komai. Kai kuma kana danna maɓalli, hoton yana fitowa a fuskar kyamara, hankalinka kwance, alhali wanda yake fitowa nan take daga ma'ajiyar wucin gadi ta kyamarar yake zuwa kafin ya sauka kan katin. Sai an watse daga biki, ka dawo gida, sannan asiri ya tonu. Abin da ba a taɓa rubuta shi a kan kati ba kuwa babu manhajar da za ta dawo da shi.

Maganar ƙara wa memori girma kuma yaudara ce tsantsa, ko da mai yinta bai sani ba. Manhajojin da ke yawo a shagunan loda waƙoƙi da sunan mayar da 8GB zuwa 64GB abin da masu jabu suke yi shi suke yi, sauya lamba kawai. Wato kai da kanka za ka biya kuɗi a mayar da katinka mai lafiya ya zama jabu. Wanda ya ce maka ya gwada ya yi aiki, tambaye shi ko ya taɓa cika katin ya buɗe abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Kwali mai ƙyalli da tambarin SanDisk ko Samsung ma ba hujja ba ne, sunayen da suka fi karɓuwa su aka fi kwaikwaya. In ka ga mai 512GB bai kai kuɗin mai 64GB na gaske ba, magana ta ƙare. Araha ba ta ado.

Gwaji ɗaya ne na yarda da shi: a cika katin maƙil, a sake karanta shi. Manhajar H2testw kyauta ce a Windows, F3 kuma a Mac da Linux. Za ta cika katin da bayanai, ta bi su ta duba, ta faɗa maka ainihin girmansa da saurinsa. Mai 64GB kan ci sa'a guda ko fiye, saboda haka ka daidaita da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka mayar in ya faɗi gwaji. Kati na gaske mai 64GB zai nuna kusan 59GB a kwamfuta, wannan bambancin lissafi ne, ba cuta ba.

Abin da za ka saya: kati uku ko huɗu masu 64GB, maimakon ƙato guda ɗaya. RAW ɗinka kan kai 25MB zuwa 30MB, kenan kowane kati zai ɗauki hotuna kusan 2,000. Bidiyon 4K a megabit 100 cikin daƙiƙa kuwa yana cin kusan 45GB a sa'a, sai ka yi lissafinka. In kati ɗaya ya lalace ko ya ɓata, aikin yini ɗaya ne ya tafi. Babbar lambar nan ta jikin kati, 170MB/s ko 200MB/s, saurin karantawa ce. Kai ka nemi V30 ko U3, ma'ana ba zai gaza rubuta 30MB a daƙiƙa ba, kuma ya ishe ka. V60 da V90 asarar kuɗi ne in kyamararka ba ta karɓar UHS-II, masu layi biyu na haƙora a baya. In tsohuwar kyamara ce, duba littafinta, wasu ba su wuce SDHC, wato 32GB. Ka guji ƙaramin memorin waya da ake cusawa cikin adafta, ƙura ta shiga tsakaninsu ya yanke ana cikin ɗauka. In kyamarar tana da ramin kati biyu, saita ta ta riƙa rubutawa a duka lokaci guda.

Wajen juyewa, ɗauki SSD na tafiya, wato ma'ajiyar waje marar faifai a ciki, mai 500GB ko 1TB, irin su Samsung T7. Had-dis mai faifai a ciki ya fi sauƙin kuɗi, amma faɗuwa ɗaya yana cikin aiki ta isa ta kashe shi, ga jijjigar hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni. SSD ma ana jabunsa, shi ma a gwada shi. In babu laftof, waya mai USB-C da ɗan mahaɗi mai ramin kati da na kebul za su yi aikin, amma gwada haɗin a gida da fawa bank ɗinka, don wasu wayoyin ba su iya ba SSD isasshiyar wuta.

Kowane dare ka kwafe aikin yini, kwafa nake cewa, ban ce ka kwashe ba. Buɗe hotuna goma daga farko, tsakiya da ƙarshe a kan SSD ɗin ka tabbatar. Katin da ya cika ka tura ɗan makullin gefensa ƙasa, ka sa shi a aljihu, SSD kuma a jaka, don kada a sace jaka ɗaya komai ya tafi. Kada ka goge komai sai ka dawo Sakkwato ka yi kwafi na uku. Hoton biki amana ce, ba a sake ɗaura auren don mai hoto ya yi sakaci.

Fomat a cikin kyamarar da za ta yi aiki da katin ake yi, kafin tafiya. Kada ka zare kati fitilar rubutu tana walƙiya, kada ka ja bidiyo da batirin da ke gab da mutuwa. Kada ka bar kati ko SSD a gaban mota a rufe, ka san zafinmu na Afrilu da Mayu yana haura digiri 40 a inuwa, in lokacin hunturu ne kuma a ajiye su cikin ɗan akwati mai murfi saboda ƙura.

Shi tsohon katin na bikin baya, daina amfani da shi tun yau, kuma in kwamfuta ta nemi ka yi masa fomat ka ƙi. Bi shi da PhotoRec, manhajar da ke ceto hotunan da suka riga suka sauka kan kati, ita ma kyauta ce, ka juye abin da ta samo a wani wuri daban. Sai bayan nan ka gwada shi da H2testw, domin gwajin yana rubutu a kan gurbin da hotunan suke.