An cire min jijiyar haƙori, to me ke min zafi kuma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ranar Litinin aka yi min aikin nan da suke cewa rut kanal a haƙorina na turmi, likitan ya ce ya cire jijiyar ya wanke ciki ya sa min ciko na wucin gadi, wai in koma bayan sati biyu. To har yanzu in na tauna abu ta wajen sai in ji zafi, alhali an ce jijiyar ta fita, me ke ciwon kuma? Sannan gaskiya kuɗin hular da ya ce za a sa wa haƙorin ya min yawa, in zafin ya tafi ba zan iya barinsa haka ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kwantar da hankalinki, wannan zafin mutane da yawa na jinsa. Abin da aka cire shi ne ɗanyen naman da ke can cikin haƙorin, amma daga waje akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe saiwar a jikin ƙashin muƙamuƙi, su ma da nasu jijiyoyin, kuma tun kafin ki je asibiti ciwon ya riga ya kumbura su, ga kuma ƙananan ƙarafan da aka yi ta zurawa ana kankare ramin. Shi ya sa taunar ke miki zafi. Yawanci cikin 'yan kwanaki zuwa sati yake lafawa, abin lura kawai shi ne kullum ya riƙa raguwa. Ki sha farasitamol ko ibuprofen yadda aka rubuta miki, amma in kina da olsa ko ciwon ƙoda ko juna biyu kar ki taɓa ibuprofen sai kin faɗa wa likita. Ki riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki koma tauna ta ɗaya gefen. In kuma kin lura duk sanda kika rufe baki wannan haƙorin ne ke fara taɓa na sama, to cikon ne ya yi tudu, ki koma a goge shi, ba aiki ba ne mai ɗaukar lokaci.

Batun hula kuwa, nan ne nake so ki saurare ni da kyau, don wallahi a nan mutanenmu da yawa ke asarar haƙorin da suka riga suka kashe wa kuɗi. Zafi na tafiya sai mutum ya ɗauka an gama, ba a sake ganinsa sai bayan shekara ya dawo da haƙori a tsage gida biyu, kuma in tsagar ta kai saiwa babu abin da ya rage sai cirewa. Cikon wucin gadin nan an yi shi ne don 'yan makonni, yana zaizayewa, yawu da ƙwayoyin cuta su sake shiga ramin da aka sha wuya aka wanke aka toshe. Kuma haƙorin da ya ruɓe sannan aka huda shi ta sama ya zama kamar tukunyar ƙasa mai siririn bango, ga shi turmi ne, shi ke ɗaukar nauyin tauna duka. Na san kuɗin ba wasa ba ne, musamman a wannan yanayi. Ki je a ranar da aka ba ki, ki faɗa masa halin da kike ciki ba kunya, ko ba komai zai cire na wucin gadin ya sa miki ciko mai ɗorewa kafin ki haɗa kuɗin hular, ki kuma tambayi farashi a sashen haƙori na asibitin gwamnati ko na koyarwa, sau da yawa ya fi sauƙi.

TAMBAYA: Likita ni dattijo ne, goro da asuwaki ba na rabuwa da su. An yi min wannan aiki har an sa hula, zan iya ci gaba? Daga Maraɗi.

AMSA: Baba, asuwaki kam ku ci gaba, sai dai a tausasa bakinsa a kuma bi a hankali wajen da hular ta haɗu da dasashi, a ƙara da buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, da zaren sakace tsakanin haƙora. Haƙorin da aka cire wa jijiya yana iya sake ruɓewa ta gefen hular, kuma ba zai yi muku zafin da zai ankarar da ku ba, don haka ku daure ku koma a ɗauki hoto bayan wata 6 zuwa shekara a ga ko ƙashin ya warke. Goro a yanka shi ƙanana a tauna ta ɗaya gefen. Fasa ƙashi, ɓare rake da haƙori da busasshiyar aya, waɗannan a haƙura da su.

TAMBAYA: Ƙanwata ce aka yi wa wannan aiki na cire jijiyar haƙori, yanzu kuncinta ya kumbura ga zazzaɓi, mai kemis ya ba mu amoksisilin da filajil. Sun isa? Daga Jos.

AMSA: A'a ɗan uwa, ku kai ta wajen likitan haƙori yau ɗin nan. Kumburi da zazzaɓi alama ce mugunya ta taru, magani kaɗai ba ya fitar da ita sai an buɗe an wanke, shi likitan ne zai ce ko tana buƙatar maganin da kuma wane iri. Kar a ɗora mata asfirin a dasashi, ƙona wurin yake yi. In kumburin ya gangaro wuya ko ya haura wajen ido, ko ta kasa buɗe baki, ko haɗiyar yawu da numfashi sun fara mata wuya, kar ku jira gari ya waye, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye.