Gwaji bai nuna maleriya ba, ko dengi ne ke damun ɗana?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 yau kwana uku yana fama da zazzaɓi mai zafi da ciwon bayan ido, yana kuka wai ƙasusuwansa kamar ana karya su. An gwada maleriya ba a samu ba. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce taifot ne, ya yi masa allurar diclofenac. Ina jin ana maganar dengi, hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ki kai shi asibiti yau, a yi masa gwajin NS1, wato gwajin jini mai gano dengi, a kuma ƙirga ƙwayoyin da ke tsayar da jini. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato, a shekarar kuma cutar ta kashe kusan mutum 700 a Burkina Faso.

Allurar nan ce ta fi tayar mini da hankali. Kullum sai na ga irin wannan: duk zazzaɓin da ba maleriya ba sai a ce taifot, duk ciwon jiki sai a soka allura. Dengi da ma tana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, diclofenac da ibuprofen da asfirin kuma suna ƙara buɗe ƙofar zubar jini. Yaron da farasitamol da ruwan gishiri da sukari za su ishe shi, sai a kawo mana shi dasashinsa na zubar da jini, kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta. Mai kemis bai gwada komai ba, bai san abin da yake yi wa magani ba, amma ya karɓi kuɗi, iyaye kuma sun tafi suna murna wai allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Wa ya ba shi izinin soka wa ɗan mutane allura a bayan kanta? Ku ji tsoron Allah, rai ne fa.

Idan zazzaɓin ya sauka, kada ki saki jiki. Kwana biyun da ke biyo baya su ne mafi haɗari. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo, ko ki ga ya yi laushi, ki koma asibiti ko tsakar dare ne.

Sauro ne ke yaɗa dengi, kuma wannan sauron da rana yake cizo, a ruwa mai tsabta kuma yake ƙwai. Duk mako ki zubar da ruwan randa, ki goge cikinta da soso, ki rufe. Tsohuwar tayar da ke bayan ɗaki, a kawar da ita yau.