Amsa ga mai son kawo bull terrier gidansa a Marwa

Assalamu alaikum. Malam, ka ce wani ya yi maka tayin farin ɗan kwikwiyon bull terrier daga Duwala, kana so ya yi wasa da yara kuma ya tsare gida, kana tambaya ko zai yi a Marwa. Ni a Garwa nake, nan arewacin Kamaru, shekara shida ke nan ina da irinsa, bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Ka fara tabbatar da abin da za a sayar maka. A wajenmu duk kare mai faɗin ƙirji pitbul ake ce masa, alhali ba ɗaya ba ne. Bull terrier kansa kamar ƙwai yake, babu lotsawa tsakanin goshi da hanci, idanunsa ƙanana masu kusurwa uku, kunnuwa a tsaye. Ranar da nawa ya iso yara suka raɗa masa Kan-ƙwai, sunan ya bi shi har yau. Asalinsa Ingila ne. Wani mai kiwon karnuka a Bamingham, James Hinks, shi ya fito da fararen wajen 1860, daga zuriyar karnukan da ake haɗawa faɗa. Daga can ya gaji taurin kai da ƙarfin muƙamuƙi, kuma daga can ya gaji jikin da ba a yi shi don ranarmu ba.

Zafin nan shi ne babbar matsala, ya fi duk sauran. Ka san Maris da Afrilu a nan, yadda ake wuce digiri 40 kamar wasa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, idan iskar da yake shaƙa ita ma wuta ce to hakin bai tsinana komai ba. A bazararmu ta farko na kusa rasa shi. Yaro ya fita da shi bayan azahar, suka dawo yana tangaɗi, harshe a waje, dasashi ya yi jawur, ya zube a ƙofar zaure. Muka yi ta kwarara masa ruwan randa a ciki da hammata, muna fifita, sannan na ɗora shi a moto zuwa wurin likitan dabbobi. Allah Ya sa da sauran kwana. Tun ranar, fitarsa sau biyu ce: bayan asuba, da bayan magariba in ƙasa ta huce. Kafin mu fita sai na ɗora bayan hannuna a kan kwalta, in ban iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Da rana yana ƙarƙashin darbejiya kan yashi mai laima, da ruwa a kwano biyu, don ɗaya yakan kifar. Farin kuma rana tana ƙona masa hanci da gefen kunne har su saɓule, ga shi da son kwanciya rigingine a rana kamar ƙadangare. Sai ka kore shi.

Tun da farin kare ka ambata, ka gwada jinsa kafin ka ba da ko dala. Kurumta tana yawa a cikin fararen, da ita ake haifarsu, ba ta da magani. Nawa kunnen hagu ba ya ji, mai sayarwa bai faɗa mini ba, sai da muka yi wata uku ina cewa raini ne. Ka sa a tafa hannu ko a kaɗa makullai a bayansa, inda ba ya gani, a ɗauko maka bidiyo. Wannan kurma na gaba ɗaya kawai zai tona, na kunne ɗaya yakan tsallake. Ka nemi ganin uwar, ka tambayi lafiyar ƙoda a zuriyarsu, don ita ma suna gadonta.

Batun yara. Kan-ƙwai bai taɓa yi wa yarana ko gurnani ba, yana bin su ɗaki ɗaki kamar jela. Amma kilo 28 ne na tsoka zalla, kuma yana da wani hali na zabura ya yi ta zagaye tsakar gida a guje ba dalili. Ya taɓa ture autarmu ta fasa leɓe, shi a wajensa wasa ne. Ba na barinsa da ƙaramin yaro sai da babba a wurin, kuma ba mai zuwa kusa da shi yana cin abinci. Dabbobi kuwa wani zance ne. Na biya maƙwabcina kuɗin kaji huɗu da ɗan akuya, na ƙara da ban haƙuri. Ragon layya yanzu a gidan ƙanena yake kwana. In kuna kiwo a tsakar gida, ka sake tunani.

Gadi fa? Ganinsa kawai yana sa mutum ya ja baya, wannan gaskiya ne. Sai dai ba mai yawan haushi ba ne, kuma nawa in baƙo ya shafa kansa sau biyu sun zama abokai. Kuskuren da nake gani shi ne a ɗaure shi da sarƙa a bakin ƙofa wuni guda wai don ya yi zafi. Wannan kare kaɗaici yana lalata shi: ya fara bin jelarsa yana juyi ba tsayawa, ko ya cinye takalma, ko ya zama abin tsoro ga mutanen gidan kansu. Idan gadi kake nema, karen gida namu ya fi shi kunne, ya fi shi jure rana, cinsa ma bai kai nasa ba.

Abinci, ina dafa masa shinkafa da nama ko kifin Lagdo da aka cire wa ƙaya. Na buhu da ake kawowa daga kudu yana da kyau amma aljihu zai ji. Ku da kuke garin albasa, kada a zuba masa ragowar miya, albasa tana lalata jinin kare. Ƙashin kaza dafaffe ma a'a. Kuma yana haɗiye duk abin da ya samu. Ƙwallon mangwaro ya taɓa toshe masa hanji, sai da aka yi masa aiki.

Allurar haukan kare tana farawa daga wata uku, a riƙa sabuntawa, a rubuta a karne, wato katin allurarsa. Kada ka yarda da karnen da ba hatimin likita. Akwai ta gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo, kada ya taka waje sai ya gama ta. Da damina kaska ce aikin, kullum da yamma ina duba kunne da tsakanin yatsu. Idan ya ciji wani, ko da wasa ne, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a tafi asibiti.

Hukuncin ajiye kare a gida ka kai wa malaminka, ni ba malami ba ne. Nawa dai ba ya shiga ɗakuna, kwanonsa daban. Amma ka shawarci uwargida tun kafin ka tura kuɗi, don kai kana kasuwa, ita za ta wuni da shi, kuma abu ne na shekara goma ko fiye. In hanya ta kawo ka Garwa cikin Afrilu, ka biyo ka yi wuni ɗaya da Kan-ƙwai, ka zo da ita in zai yiwu.